Don Allah a taimaka min, sugan dabbar ɗana yana ta faɗuwa

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, hankalina a tashe yake. Shekararmu tara a Manchester. Tun rasuwar Baban Sadik yaron nan ya daina magana da kowa, makaranta ma sai an yi rigima. Da maƙwabciyarmu Baturiya za ta koma gidan tsofaffi, sai ta bar masa faret ɗinta, wata 'yar dabba doguwa mai kama da tunku, dangin bodari, har warin akwai. Da farko ƙi na yi. Amma wallahi a kanta na sake jin dariyar ɗana, shi ya raɗa mata Gimbiya. Shekararta biyar. Wata biyu ke nan tana wani irin abu: ta tsaya cak ta ƙura wa bango ido, yawu na dalala, tana karce baki da ƙafar gaba, ƙafafun baya na jan ƙasa. Ranar Talata na dawo daga aiki na same ta a ƙarƙashin kujera tana karkarwa, Sadik na kuka. Likitan dabbobi ya auna suga ya ce 2.8 ne, ya yi ƙasa sosai, wai ciwon sunansa insulinoma. Ya ba da wani magani, prednisolone, safe da yamma, ya kuma yi maganar tiyata. Idan abin ya sake tashi cikin dare me zan yi?

Alhaji Baban Ummi:
Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, shekarata goma sha huɗu da ciwon suga, babu abin da ban gani ba. Maganin faɗuwar suga zaƙi ne. Ki riƙa zuba zuma a ruwan shanta kullum, magana ta ƙare.

Anti Larai:
Allah Ya ba ta lafiya. Kina da inshorar dabbobi kuwa? Nan NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ta mutane ce kawai. Bara kyanwarmu ta kwana biyu a asibitinsu, abin da na biya ya kai kuɗin hayar wata, kuma ba ta tashi ba. Har yau yaran nan gani suke kamar ni na ƙi ƙoƙari, babbar ma ta yi sati ba ta gaishe ni ba.

Dakta Hauwa:
Maman Sadik, likitancin dabbobi na karanta a Zariya, a nan ma shi nake yi. Alhaji, ka gafarce ni, ciwonka da nata ba ɗaya ba ne. Kai insulin, sinadarin da ke sauke suga, shi ne ya gaza, ita kuwa ƙananan ƙari ne suka fito a fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, suna fitar da shi fiye da kima. Idan ta sha zaƙi suga zai hau, ƙarin ya saki insulin mai yawa, sai suga ya faɗi ƙasa da inda yake. Zuma ta gaggawa ce kawai: idan ta faɗi, ki laƙato kaɗan da auduga mai tsinke ki shafa mata a dasashi. Kada ki ɗura, za ta shaƙe, kada kuma ki sa yatsa tana karkarwa. Da ta farfaɗo ki ba ta nama ko ƙwai, sannan ki kira likita. Faret nama kaɗai take ci, kuma abinci yana ratsa cikinta cikin awa uku zuwa huɗu, don haka kada kwanonta ya zauna babu komai. Me kuke ba ta yanzu?

Maman Sadik:
Na gode Dakta. Abincinta na kwali muke ba ta. Sai dabino da zabibi jefi-jefi, tana so sosai, kuma Baturiyar da ta bar mana ita ma takan ba ta. Ai abu ne na halitta, ba alewa ba. Ban jin guda biyu za su yi wannan ɓarna.

Alhaji Baban Ummi:
Yauwa. Dabino ba ya cutarwa, da shi nake buɗe baki duk azumi. Su likitoci kullum tiyata, tiyata. Ni ma an so yanke min yatsa, na ƙi, ga ni lafiya lau.

Dakta Hauwa:
A daina dabinon, 'yar uwa, don Allah. Sannan maganin tana sha a kan lokaci? Prednisolone ba ya cire ƙarin, ɗaga suga kawai yake yi, kuma ba a tsayar da shi kwatsam. Idan ya daina isa ana ƙara wani magani, diazoxide. Tiyata tana ba da sarari, amma sau da yawa ƙarin yakan dawo. Ciwo ne na lallaɓawa, yana yawan kama su bayan shekara uku.

Maman Sadik:
Na safe ba ya wucewa. Na yamma ne wani lokaci, ranakun da nake aikin dare a gidan tsofaffi. Sadik shekararsa goma sha ɗaya, ba zan ɗora masa sirinji ba, ranar da ya gwada cizonsa ta yi. Ba sakaci ba ne, ni kaɗai ce.

Anti Larai:
Aikin daren nan shi ya gama da mu duka. Ni sati uku ke nan ana canza min ranaku ba a gaya min ba.

Kawu Isa:
'Yata, ni dai in tambaya, kin faɗa wa yaron cewa ciwon ba ya warkewa?

Maman Sadik:
A'a Kawu, ba yanzu ba. Bai gama fita daga ta babansa ba. Alhamis zan koma wajen likitan, kuɗin tiyatar ma ban tambaya ba tukuna.

Alhaji Baban Ummi:
Kafin Alhamis ɗin ki gwada zumar kwana uku ki gani.