Harbin bindiga a Amurka: birni ko karkara, ina ya fi muni?

Mai_Nazari: Jama'a, kullum labarin harbi daga Chicago muke ji. Shin mutuwa ta bindiga matsalar birane ce kawai?

Dan_Lissafi: A'a, Malam. Fara raba mace-macen gida biyu. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, na 2021 sun nuna mutum 48,830 suka mutu ta bindiga, kusan kashi 54 cikin ɗari kashe kansu suka yi, kashi 43 kuma kashe su aka yi. Kisan kai ya fi yawa a birane, kashe kai ya fi yawa a karkara. Idan ka haɗa su bisa kowane mutum 100,000, karkara kan zarce birni.

Uwar_Asibiti: Abin da ke damuna shi ne nisa. Wanda aka harba a ƙauye jini na zuba, asibitin da zai iya yi masa tiyata kuma yana da nisa. Ga bindiga a gidaje da yawa, kuma kusan tara cikin goma da suka yi yunƙurin kashe kansu da ita ba sa rayuwa. Shi ya sa likitoci ke cewa a kulle ta, a ajiye harsasai daban.

Dan_Lissafi: Gaskiya ne, Hajiya. A kula kuma da ƙananan gundumomi: mutuwa uku kacal tana iya ninka ƙiyasin shekara, don haka a haɗa shekaru biyar kafin a kwatanta. Hauhawar kisan kai ta 2020 ta shafi birni da karkara duka, daga 2023 ta sauka sosai.