Ƙarfina ya ƙare a Riyad: gajiya ce ko bangaskiyata ta yi sanyi?

Maman Tabita, Riyad

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ni nas ce a wani asibiti a nan Riyad, aikin dare nake yi, awa 12 a tsaye. Kun san Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan, hutu sai Juma'a da Asabar, kuma babu majami'a ko ɗaya, sai dai mutum ya yi sujadarsa a ɗaki. A gida Kafanchan ni ke ba da waƙa a zumuntar mata. Yanzu in na dawo da safe na durƙusa a bakin gado, kafin in kai rabin Addu'ar Ubangiji barci ya kwashe ni, sai in farka gwiwoyina sun sage. Ga maigida ba lafiya, ga kuɗin makarantar yara, duk ni ake jira. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, na yi nisa da Ubangiji ne?

Ɗan Billiri, Dammam

'Yar'uwa, shaiɗan ne ke neman ƙofa. Ki ɗauki azumi na kwana uku, ki tashi tsaye in za ki yi addu'a. Ishaya 40:31 ta ce masu sauraron Ubangiji za su sabunta ƙarfinsu.

Baba Mai Wa'azi, Jidda

Ɗana na Dammam, ayarka daidai ce, amma ban yarda da maganar azumin nan ba. Matar da ke kwana tana juya marasa lafiya, a garin da zafin bazara ke haura digiri 45, ka ce ta bar abinci?

'Yata, buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya ya gama fafatawa da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazana, ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa. Me Allah ya yi masa? Bai tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi ga waina da tulun ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci, don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Horeb sannan aka yi maganar aiki. Bulus kuma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:7-9). Wadda ta yi nisa da Ubangiji ba ta durƙusa bayan aikin dare, kuma ba ta damu ta zo nan ta yi tambaya.

Anti Saratu, Riyad

Ni ma na sha wannan, ƙanwata. Abin da ya ɗaga ni shi ne Romawa 8:26, cewa Ruhu na roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu faɗa ba. Na mai da addu'ata yamma, bayan na yi barci na ci abinci, kafin motar asibiti ta zo. Kuma tunda Riyad na gaban Najeriya da awa 2, sujadar ƙarfe 8 a gida ƙarfe 10 ce a nan, ina saurara ta Facebook ina kwance. Musa ma da ya gaji, sai da Haruna da Hur suka riƙe masa hannuwa. Ki turo mini saƙo, mu riƙa yin addu'a tare ta waya ranar Juma'a.

Maman Tabita, Riyad

Na gode Baba, na gode Anti, na turo saƙon. Ku sa maigidana a addu'a, ranar Talata zai koma ganin likita.