Zafin jiki da zufar dare tun da al'ada ta ɗauke, wane ganye zan sha?

Salamu alaikum iyaye da ƴan uwa mata, don Allah a taimaka min. Ina nan Damagaram, shekarata 49, al'ada ta ɗauke min tun bara. Abin da ya dame ni zafi ne da ke taso min kwatsam daga ƙirji ya hau wuya har fuska, zuciya na bugawa da sauri, sai zufa ta karyo min har in jiƙa zane da matashin kai, cikin dare ya fi yawa, in na farka kuma barci ya tafi ke nan har asuba. Ba zafin gari ba ne fa, ko da hunturu da kowa ke jan bargo haka nake yi.

Na sayo hulba a kasuwar Dole ina dafawa ina sha safe da yamma, zafin bai ragu ba, sai ma zufar ta koma warin hulba har mai gida ya yi magana. Shayin citta da kanumfari kuwa ƙara min wutar ya yi. Zobo ba sukari ya ɗan sanyaya ni amma in na miƙe jiri ke ɗibata, da na je awo aka ce jinina ya sauka sosai saboda ina shan maganin hawan jini kullum, zobo kuma shi ma yana saukar da jini, aka ce in dakata.

To wane ganye ko saiwa ke rage wannan zafin da zufar dare wanda ba ya karo da maganin hawan jini? Na gode.