Don Allah wace kalma zan faɗa wa sensei, wato malamina na jami'a a Japan, cewa abin ya yi min yawa?

Ɗalibi a Osaka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a nan, tun watan Afrilu da aka shiga sabuwar shekarar karatu ban samu kaina ba, da rana ɗakin bincike da daddare kamfanin haɗa bento (abinci a ɗan akwati), awa 28 ɗin da biza ta yarda a sati tas nake cinyewa saboda haya da kuɗin maganin Hajiyarmu, ga ƙanina ya sa ni gaba da maganar rajista. Jiya sensei ya ƙara min aiki sai na ce masa "mou muri", wato ba zan iya ba kuma, ya yi shiru yana kallona, har yanzu bai amsa saƙona ba. Yaran ajinmu kullum tenpatteru, shindoi, yabai suke cewa in abu ya yi musu yawa. Wanne ya dace da shi? Wallahi barci ma ya gagare ni.

Yaya na Nagoya: Ƙanina ko ɗaya kar ka faɗa masa. Tenpatteru, wato tenparu, daga wasan mahjong ta fito, idan saura ƙwaya ɗaya mutum ya ci, yanzu kuma nufinta ka rikice ka rasa inda za ka sa kanka, maganar abokai ce. Muri kuwa kai tsaye ka ce masa ba zai yiwu ba, su ba a yi wa babba haka. Ka je ofishinsa ka fara da sumimasen, wato neman afuwa, ka ce "ima ippai ippai desu", wato ka cika maƙil, sannan ka roƙi ƙarin lokaci. Kuma ka bar aikin daren nan.

Maman Amira: Ni dai a Kansai, yankin da Osaka take, shindoi (wato na gaji) har tsofaffi na faɗa, kalmar yankin ce ai, ba rashin kunya ba ce. Kuma rashin barcin ya fi damuna, jami'arku akwai cibiyar lafiya da masu sauraron damuwar ɗalibai, don Allah ka je.

Yaya na Nagoya: Hajiya tsoho a kasuwa daban, farfesa daban.

Abu Saitama: Kai ka ma samu bakin magana. Mu a wajen ɓalle motoci daijoubu desu (wato ba komai) kawai muke cewa ko bayanka na tsagewa, shugabanmu ko hutun Sallah sai da rigima ya ba ni.

Wata 'yar uwa: Gogatsubyou ce, ciwon watan Mayu, bayan hutun Golden Week su kansu Japanawan tana kama su. Ka riƙe addu'a zai wuce insha Allah.

Ɗalibi a Osaka: Na gode, amma Yaya barin aikin ba zai yiwu ba, wa zai biya maganin? Kuma ban ga laifina ba, gaskiya na faɗa masa, shi ya san awa nawa nake yi. Maman Amira lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai.

Yaya na Nagoya: To me ya sa ka tambaya?

Ɗalibi a Osaka: Kalma na tambaya Yaya. Ranar Litinin akwai zemi, wato zaman tattaunawar sensei da ɗalibansa, in same shi kafin nan ko in jira ya amsa saƙon?