Neman shawara: kalmomin Japananci na kaina, amma jimla ta gagare ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na iya hiragana da katakana (haruffan rubutun Japananci), ina kuma haddar kalmomi a Anki (manhajar hadda), niyyata in zauna jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, matakin farko wato N5, a watan Disamba. To amma da zarar an jera kalmomin sai in rikice. Ga wadda ta tsaya mini a wuya: "Watashi wa mainichi toshokan de nihongo o benkyō shimasu." Na san "toshokan" laburare ne, "mainichi" kuma kullum. Mene ne aikin "wa" da "de" da "o"? Don Allah a taimaka.

Ɗalibi a Osaka: Wa alaikumus salam ƙanina. Ma'anarta: kullum ina karatun Japananci a laburare. Fara karanta ta daga ƙarshe, domin a Japananci aikatau a ƙarshen jimla yake zama. Waɗannan ƙananan kalmomin kuma bayan suna suke zuwa, ba gabansa ba. "O" tana nuna abin da aikin ya faɗa wa. "De" tana nuna wurin da ake yin aikin, kamar "a" ɗinmu. Da zuwa laburaren za ka yi, sai ka ce "toshokan ni ikimasu". Ita kuwa "wa", ɗauke ta kamar "ni dai" ko "ni kam", tana gabatar da wanda ake magana a kansa. In an riga an san kai ne, Japanawa da kansu jefar da "watashi wa" suke yi. Shawarata, daina sa kalma ita kaɗai a Anki, riƙa sa jimla sukutum, kana sauya suna ɗaya kowace rana.

Wata 'yar'uwa: Gaskiya ne, amma ka rabu da rubuta ta da haruffan boko. Wannan "wa" ɗin da は ake rubuta ta, wadda a wani wurin "ha" ake karanta ta, kuma haka za ka gan ta a jarrabawa. Ka kula da jan wasali ma: "obasan" goggo ce, "obāsan" kaka. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan.

Mai tambaya: Na gode yaya, na gode anti. Ga gwajina: "Kinō ichiba de niku o kaimashita", jiya na sayi nama a kasuwa.

Ɗalibi a Osaka: Daidai ne. Yanzu cire "ichiba" ka sa "doko", ka ƙara "ka" a ƙarshe, ka dawo ka faɗa mana abin da ka tambaya.