An yi wa Baba tiyatar kansar tumbi, likita ya ce a fara kemo: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makonni biyar ke nan da aka cire wa mahaifina tumbinsa saboda kansa, kuma ana cikin aikin ne likitoci suka ga ƙananan ƙulluwa a tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, suka ce cutar ta kai mataki na 4. Kusan shekara guda ya yi yana shan maganin olsa, ni ce na dage aka leƙa cikinsa da na'ura, yayana kuwa a lokacin cewa ya yi ina tayar wa tsoho da hankali. Yanzu an rubuta masa kemo, wato magungunan yaƙar kansa: oxaliplatin ta jijiya da ƙwayoyin capecitabine, zagaye ɗaya duk mako uku. Baba ya rame ƙwarai, cokali uku yake yi ya ture kwano. Na roƙi a ɗaga fara kemon da wata guda, yayana ya ce na cuci Baba. Me kuke gani?

Wadda ta yi jinyar mijinta: 'Yar'uwa, kada ki ƙara kwana. Idan cutar ta taɓa wannan tantani, ba warkewa ake nema ba, ana so ne a rage mata gudu kafin ruwa ya fara taruwa a ciki ko hanji ya toshe. Capecitabine kwana 14 ake sha a huta 7. Oxaliplatin kuwa kan sa yatsu su riƙa zuga, har maigidana ya daina taɓa kofin ruwan sanyi, amma ya jure. Ki tambaya ko an yi gwajin HER2, wani sinadari da ake dubawa a jikin kansar, domin idan ya nuna akwai, ana haɗawa da wani magani mai suna trastuzumab.

Wani ɗan'uwa: Hajiya, ba kowane jiki ne yake ɗauka ba. Mahaifiyata gudawa ta kama ta a zagaye na biyu, zazzaɓi ya kai 38 cikin dare, kuma babu wanda ya taɓa gaya mana cewa wannan na gaggawa ne. Har yau abin yana ci mini rai.

Wata 'yar'uwa: Ku nemi HIPEC, wanda ake ɗumama magani a wanke cikin da shi.

Wadda ta yi jinyar mijinta: Wannan a ɗakin tiyata ake yin sa, kuma amfaninsa a kansar tumbi har yanzu likitoci ba su daidaita a kai ba. Malam, Allah ya ji ƙanta, amma sakacin da aka yi muku ba hujjar jinkiri ba ne, tunda ana iya rage yawan maganin. Mai tambaya, likitan ya amince da ɗagawar? An fara yi wa Baba allurar bitamin B12? Shi kansa me ya ce?

Mai tambaya: Na gode, Hajiya, amma ni ce nake kwana da shi, ni nake riƙe masa hannu zuwa bayi. Ban ce a fasa ba, cewa na yi ya ɗan yi ƙarfi tukuna. Maganar mataki na 4 kuwa ba mu gaya masa ba, kuma ban ga amfanin gaya masa yanzu ba.