Shin muhawarar raba addini da gwamnati ce ke rura ƙyamar Musulmi a Faransa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina neman masu masaniya su warware mini wani abu. Dokar da Faransa ta kafa a 1905 an yi ta ne domin a cire hannun cocin Katolika daga harkokin mulki, amma a shekarun nan, da zarar an tayar da maganar raba addini da gwamnati, sai ta ƙare a kan suturar mata Musulmi: an haramta hijabi a makarantun gwamnati a 2004, niƙabi a bainar jama'a a 2010, abaya a makarantun gwamnati a 2023. Shin muhawarar ce take haifar da ƙyamar, ko kuwa ƙyamar ce ta samu inda za ta fake?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina amsar tana cikin sauyin da aka samu game da wanda dokar ta hau kansa. A asali, gwamnati da ma'aikatanta ne aka wajabta wa kada su nuna goyon bayan wani addini, shi kuwa ɗan ƙasa an bar masa 'yancinsa. Tun daga rikicin garin Creil a 1989, lokacin da aka hana ɗalibai mata uku shiga aji saboda ɗankwalinsu, sai nauyin ya fara komawa kan talaka, har ya kai ga ɗaliba da mai tafiya a titi. Da zarar an mayar da suturar mutum abin tuhuma, mai ƙiyayya ya samu hujjar da ba zai ji kunyar furtawa ba. Ki duba abin da ya faru a majalisar yanki a Dijon a 2019, inda Julien Odoul na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Marine Le Pen ya nemi wata uwa da ta rako ɗalibai ta cire hijabinta a gaban ɗanta, alhali babu dokar da ta hana ta. Kuma fa a yankin Alsace da Moselle har yau gwamnati ce ke biyan albashin limaman coci da malaman Yahudawa, ban da limaman masallatai, kuma ba kasafai masu kumfar baki suke tuna wannan ba.

Baban Nana:
Malam Abu Safwan, na yarda da yawancin bayaninka, sai dai ba zai yiwu a tsallake hare-haren da aka kai a Paris a 2015, da na Nice a 2016, da kisan malamin makaranta Samuel Paty a 2020 ba, domin tsoron da suka jefa a zukatan jama'a na gaske ne, kuma shi ne 'yan siyasa suka yi amfani da shi. Sannan Turkiyya, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta daɗe tana hana hijabi a ma'aikatun gwamnati kafin a ɗage haramcin a 2013, don haka ba kowane mai tsananta wannan tsari ba ne maƙiyin Musulmi.

Abu Safwan:
Haka ne, Malam, amma abin lura shi ne wanda ake hukuntawa bayan harin. Makonni kaɗan bayan harin Nice, wasu magadan gari suka haramta rigar ninƙaya mai rufe jiki da wasu Musulmi mata ke sawa a bakin teku, sai da babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta dakatar da haramcin garin Villeneuve-Loubet saboda ya keta 'yancin jama'a. Wato ita kanta dokar ta kare matan daga masu iƙirarin kare ta.

Maman Ilham:
Na gode muku, Allah ya ƙara basira. Zan so a kuma duba Suwizalan, wadda ta haramta gina hasumiyar masallaci ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a 2009, a lokacin da hasumiyoyi huɗu kacal ake da su a faɗin ƙasar.